Ƙyallen Hajiya Rabi

Laifina ne tun daga farko, kuma ban taɓa mantawa da ranar da na ɗora shi a kan matar da ba ta yi komai ba. Ku da kuke koyon aikin nan a hannuna, gara ku ji daga bakina.

Alhaji Mu'azu ɗan kasuwar albasa ne a Aliero. Shekaru biyu kafin abin ya faru na haɗa masa akwatin ajiya a gida. Na'ura ce mai faifai a ciki, ana jona ta da kebul zuwa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sai duk wayar da ke gidan ta iya buɗe abin da aka ajiye. Hotuna ne a ciki, da muryar mahaifiyarsa marigayiya, Inna, da ya ɗauka tana lissafa kakanninsu na Jiga Makera. Babu wani kwafi a ko'ina. Akwatin yana ɗakin matarsa, Hajiya Rabi, don can batirin sola yake.

Lokacin cirar albasa rautarsu ta ƙone. Na taso daga shagona a Jega, na sa sabuwa a falon Alhaji, na ga wayoyi sun kama, na tafi. Ban gwada akwatin ba.

Bayan kwana uku aka kira ni, wai akwati ya ɓace daga wayoyi. Na tarar Alhaji yana kasuwa, don haka ban shiga cikin gida ba. Na zauna a zaure, Hajiya tana faɗa mini abin da take gani ta waya.

"Hajiya, wace fitila ke ci?"

"Kore, guda biyu. Malam Sanusi, tun ranar da ka canza waccan ta falo ya daina."

"Wannan daban, wancan daban," na ce mata. "Akwai wani abu a kansa?"

"Ƙyalle ne na saƙa, don ƙura."

Nan na tsaya da bincike. Ba na son a ce aikina ne ya jawo, ga kuma ƙyalle ya zo mini a sauƙaƙe. Da Alhaji ya dawo na ce masa an rufe akwati, zafi ya taru, mai yiwuwa faifan ya mutu.

"Injiniya, kana nufin muryar Inna ta tafi?"

"Sai dai mu yi addu'a, Alhaji."

Ya juya ya shige ciki. Ni kuwa na sa aka miƙo akwatin, na ɗaure a babur.

A shago na jona shi kai tsaye da kwamfutata. Komai na nan lafiya. Abin da ya faru shi ne, kowace na'ura a gida tana da adireshi na lambobi, kuma rauta ce ke rabawa. Ni da hannuna na kafe wa akwatin adireshi irin na tsohuwar rauta, ban rubuta a ko'ina ba, na manta. Sabuwar ta zo da nata jerin lambobi, sai suka daina ganin juna. Gyaran bai kai minti biyar ba.

Amma sai da akwatin ya yi mako a shagona. Kunya ta hana ni kira, kuma ina so a ɗauka aikin mai wuya ne.

Ranar da na mayar, Alhaji ya kunna muryar Inna a wayarsa a zaure, idonsa ya kawo ruwa. Ya sa aka ɗora mini buhun albasa a babur. Na karɓa, na yi godiya. Ina shirin tafiya sai ya ce:

"Bari in kira Hajiya. Tana Maiyama wurin iyayenta tun rannan. Na faɗa mata maganar da ba ta dace ba a kan ƙyallen nan."

Ya buɗe muryar wayar don in yi mata bayanin yadda za ta kula da akwatin. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi iyali. Sannan ta ce:

"Malam Sanusi, na gode da ka ceto Inna. Ita ta koya min saƙa, wallahi ban san zai cutar da ita ba. Ƙyallen na ƙone shi."

Na dubi buhun albasar, na ji ba zan iya hawa babur ɗin ba.

Tun daga ranar nake rubuta duk adireshin da na kafe, in manna a jikin na'ura. Kuma idan mai gida ya ce abu ya lalace ranar da na taɓa shi, daga nan nake fara dubawa, don shi ke zaune da na'urar, ni baƙo ne.

A ranar dai, na kwance buhun, na ajiye a gaban Alhaji, na durƙusa kusa da wayar.

"Hajiya, ƙyallenki bai yi komai ba. Faifan bai taɓa mutuwa ba. Kin faɗa mini gaskiya tun ranar farko, na ƙi ji. Ni na ɓata, na ɗora miki, kuma mako guda ina sane na yi shiru. Alhaji, ka ji da kunnenka. Hajiya, don Allah ki yafe mini."