Farar Rigar Yaya Mai Guga

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin wanki da guga na bayan tasha ya san Yaya Mai Guga. Gajera ce kakkaura, hannuwanta duk tabon ƙuna, ko shayi a tsaye take sha. Ita ta fara maganar kafa ƙungiyar ma'aikata, ranar da tururi ya sumar da wata mai ciki, manaja ya ce a yayyafa mata ruwa ta koma bakin aiki. Daga nan ta dinga bin mata ɗaya bayan ɗaya, a bakin famfo, a ɗakin canja kaya, har ta tara adadin da doka ke nema. Abu uku kacal suke so: fanka, kujeru da hutun rana.

Ana gab da zaɓen shugabanni, manaja ya kira ta ofis ya miƙa mata farar rigar masu kula da aiki. Ta ce sai ta yi shawara. Da Auta ta yi shawarar, ƙanwarta ciki ɗaya, wadda ita ta samo wa aikin, ita ta koya mata ninke zanin gado.

"Karɓi mana, Yaya," in ji Auta. "Mu ma mu samu namu a sama. Ko so kike ki tsufa da dutsen guga a hannu?"

Ta karɓa.

Ranar taro ta iso cikin farar rigarta, ta tarar da Auta ta tare ƙofa.

"Matsa in wuce."

"Yi haƙuri, Yaya. Doka ta hana mai kula da aiki shiga ƙungiya. Ke yanzu ta kamfani ce."

"Kin san da haka lokacin da kika ce in karɓa?"

Auta ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kalli gefe. Daga ciki wata ta ce, "Ranki ya daɗe, taron talakawa ne." Aka yi dariya, har da mai cikin nan, goye da jaririnta.

Auta aka zaɓa shugaba. Ba a jima ba kamfani ya ce masu farar riga sun yi yawa, aka sallami Yaya. Ta kai kukanta ƙungiya, aka ce ba su da hurumin kare wanda ba nasu ba.

Yanzu kayan maƙwabta take gogewa a barandar gidansu. Ta ji labarin an sa fanka huɗu a kamfanin. In Auta ta zo gai da mahaifiyarsu, Yaya kan amsa sallama ba tare da ta ɗago daga kan rigar da take gogewa ba.