Ranar da sitata ta ƙi sakin inji a Wara

Asuba muka bar Yelwa, ni da Inna da Kawu, a tsohuwar akori-kurar da maigidana yake ɗaukar albasa da ita. Shi ya ara mini da ya ji dalilin tafiyar. Tunda aka toshe Kwara a Kainji ruwa yake ta hawa, kuma wani masunci ya kawo labari cewa kwana ɗaya ko biyu ya rage ruwan ya rufe maƙabartar tsohon garinsu Inna, can kudu da Wara. Mahaifiyarta tana kwance a wurin. Inna ba ta roƙi kowa ba, cewa kawai ta yi tana so ta tsaya a kan kabarin sau ɗaya da ƙafarta.

Ni mutum ne mai yawan fargaba, ba na ɓoyewa. Yini guda na yi ina shirya motar. Na duba taya sau uku. Duk abin da na ga yana motsi na shafa masa giris, har na kwance sitata, wato ɗan injin da ke tayar da babban inji, na cika haƙoranta da shi don kada ta wahala a hanya.

Gari ya waye mana a Birnin Yauri. Muka sha kunu da ƙosan sisi a gindin tsohuwar ganuwa, Kawu yana yi wa mai ƙosan tsiya wai ta koyi auna mai da cokalin shayi. Daga nan hanya ta zama yashi da kwatami. Gero ya yi kai, yana rausaya har ƙarshen gani, shanun Fulani suna ratsa mu a natse kamar ba su san da mota ba. Mun tsallake rafi huɗu. A kowanne sai na sauka na auna zurfinsa da sanda, har Kawu ya ce da a jaki muka zo da yanzu mun dawo.

Da hantsi muka isa Wara, inda aka jera wa mutane sababbin gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi. Na tsaya tambayar hanya. Da na sake murɗa makulli inji ya kama, amma sitata ba ta yi shiru ba. Wani ƙara ta ɗauka, siriri mai tsawo, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, wari mai ɗumi ya fara tasowa. Na kashe motar. Idan ta ƙone, sai an aika Kontagora neman wata, ruwa kuwa ba zai jira mu ba.

Aka kira mana wani dattijo mai gyaran injin jiragen ruwa, wanda ya taɓa aikin leburanci a wajen ginin madatsar Kainji. Bai taɓa sifana ko wani kayan aiki ba sai da ya yi mini tambayoyi. Ya sa na murɗa makulli na saki, ya ga yana komawa da kansa, ya ce to ba makulli ba ne. Ya tambaya ko ƙarar ta ci gaba bayan na kashe inji. Na ce a'a, tare suka yi shiru. Ya ce da ta ci gaba da juyi, da wuta ce ta maƙale a ciki, sai a yi maza a cire kan batir. Tunda tare suka mutu, haƙorin sitata ne ya shiga babban faifan inji ya ƙi komawa, inji yake jan ta da ƙarfin da ya fi nata.

Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar. Da ya fito da ita, ga haƙoran sun cushe da baƙin kwaɓi, giris da yashin rafukan da muka ratso. Ya lakato da yatsa ya ɗaga.

"Wa ya yi mata wanga ado?"

Na ce ni ne.

"Malam direba, ai ita ba ta son mai. Aikinta ta tura inji ta janye. Ka riƙe ta da giris, ina za ta koma?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Inna tana zaune a inuwar motar tana kallon inuwar tana gajarcewa. Dattijon ya wanke haƙoran da kananzir, ya shanya su a rana, ya gwada da hannu har suka riƙa zamewa su dawo. Na roƙe shi ko ɗigo ɗaya a sa, ya ce in na kuskura zai karɓe gwangwanin giris ɗin. Aka mayar. Na yi bisimilla na murɗa. Inji ya tashi, sitata ta yi tsit.

Bayan azahar muka isa inda hanya ta nutse. Ban taɓa ganin ruwa haka ba, a shimfiɗe, ba ya gudu, ba shi da ɗaya gaɓar. Kawunan giginya suna tsaye a cikinsa, balbelu a kansu. Wani jirgi ya wuce a hankali, Kawu ya nuna ya ce ta kan gonar albasar kakanmu yake bi. Maƙabartar tana kan ɗan tudu, ruwa ya rage taku kaɗan. Inna ta tuɓe takalmi ta hau, ta gane kabarin da wani fasasshen tulu. Ta daɗe tana addu'a. Ni ina ta ƙirga takun da ya rage, ina tunanin ko a tara duwatsu a kewaye. Ta shafa, ta juyo.

"Mu tafi. Na gan ta, ya ishe ni."

Mun kwana a Wara, washegari da la'asar muka shigo Yelwa da busasshen kifi na sule biyu. Sau shida na tayar da motar a hanya, kowane karo ina kasa kunne, ba ta sake yin ƙarar ba. Abin da na koyo bai da yawa: ni na kusa hana Inna wannan tsayuwar, kuma da yawan kulawa na yi, ba da sakaci ba. Gwangwanin giris yana ɗakina yanzu, a saman katanga. Jiya hannuna ya kai gare shi, na tuna, na mayar.