Ranar da Na Yi wa Bahagon Mai Jita Tafinta

A matsayin mai ɗaurin kaya na fara saninsa. A ofishin kago, wato na aika kaya, da nake aiki a unguwar Naif ta Dubai, ni ne mai rubuta suna da lambar waya a jikin dila, shi kuma shi ne mai matse ta, ya naɗe ta da leda, ya ja igiya har sai ta yi ƙara. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Mutumin Damagaram ne, ni kuma Bakano, saboda haka tun ranar farko ya ɗaura mini wasa. Bakano yake kirana, in kuma na cika dogon bayani ya ce ɗan boko. Ni Yaya nake ce masa.

Mun yi watanni tare, a 2010 ke nan in ban manta ba, ban san yana kaɗa jita ba. Wata Hajiya 'yar Maraɗi da ta zo sarin jakunkuna ce ta tona shi. Ta tsaya tana kallon yadda yake jan igiya da hagu, ta dubi fuskarsa, sai ta tambaye shi ko shi ne bahagon nan na kaset. Ya ce a'a Hajiya, kama ce. Ta ce wallahi shi ne, ai a gabanta ya yi wasa a bikin ƙaninta. Ta zaro waya ta kunna mana.

Ban san kiɗa ba, kuma ba na son in faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina. Jitar lantarki ce, irin kiɗan da ake kira rok. Sautin yana da kaushi, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, amma a ƙarƙashinsa tafiyar gurmi ce sak. Masu dako biyu suka ajiye kaya suka matso. Shi kuwa bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗaurinsa.

Tarihinsa a bakin 'yan kasuwar Nijar na riƙa tsintarsa, guntu-guntu. Su huɗu ne a ƙungiyarsu tun suna samari. Kaset ɗaya tak suka yi, a yini guda, kuma wanda ya naɗa bai taɓa buga masa bango ba. Haka aka yi ta kwafa babu suna babu hoto, daga hannun direbobin manyan motoci zuwa ɗakunan ɗalibai, daga baya ya koma cikin wayoyi. Waɗanda suka san shi ba su da yawa, amma ba sa ganin kowa bayansa. Wani ɗan Tawa ya rantse mini cewa samarin da ake ɗauka zuwa Turai yanzu duk salonsa suka kwaikwaya. Shi bai taɓa faɗin haka ba. Idan na tambaye shi sai ya ce da ɗan Faransancinsa, bon, abin ƙuruciya ne.

Shekara ta zagayo, wani ɗan Gana, haifaffen zangon Kumasi, da muke haɗuwa a wurin cin abinci a Abu Hail, ya kawo labari. Yana aikin kai abinci a wani otal a Bur Dubai, kuma mai jitar ƙungiyar da ke wasa a can ya tafi. Manaja zai saurari masu nema ranar Talata bayan la'asar. Wanda aka ɗauka za a canza masa biza, ya riƙa kiɗa kullum. Yaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Igiya ta riga ta tsattsaga masa yatsu, ya taɓa gaya mini cewa in ya ƙara shekara biyu a wannan aiki ba zai iya danna tsirkiya ba.

Ya ce in raka shi, tun da manajan Turanci yake ji, shi kuma sai Faransanci. Na ɗauki abin da muhimmanci. Na samo littafi na rubuta kalmomin kiɗa da fassararsu, na yi ta bita. Abin da ya fi damuna shi ne kada in ƙara ko in rage a maganar wani.

Muka hau abra, kwalekwalen da ke tsallaka mutane, shi rungume da jitar a cikin bargo domin ba ta da jaka. Zauren otal ɗin babu kowa, an kifa kujeru a kan tebura, wani yana goge ƙasa. Mutum biyu suka riga mu. Na biyun ya zo da fayil cike da hotuna da faifai mai ɗauke da sunansa, ya kaɗa waƙoƙin da kowa ya sani, tsaf, babu kuskure.

Da aka zo kan Yaya, ya jona wa jitar wayar lantarki, ya juya ta ta koma hagu, tsirkiyoyin a kife. Mai gangar ƙungiyar ya yi murmushi da ya ga haka. Bai yi minti ɗaya da farawa ba murmushin ya ɓace, mutumin ya jawo sandunansa ya bi shi ba tare da an ce masa ba. Mai goge ƙasa ya tsaya. Ni kaina na manta da littafin da ke hannuna. Na san na ce ban san kiɗa ba, amma na san abin da na gani a fuskar manajan.

Sai aka zauna, aka fara tambaya. Shekara nawa yana kiɗa? Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗan jima yana taɓawa. Na fassara. Da wa da wa ya yi wasa? Ya ce da 'yan uwa ne, a gida. Na fassara. An san shi a ƙasarsu? Ya ce sai dai abin da ba a rasa ba, ya kuma ɗago ya dube ni. Na fassara wannan ma, kalma da kalma.

Manajan ya ajiye biro, ya juyo gare ni. Ya ce shi ma sai ya kai bayani gaba kafin a nemi izinin wasa, don haka in gaya masa, ni da na san mutumin, shin sananne ne?

Na san al'adarmu. Mutumin kirki ba ya yabon kansa, shi ya sa ba ya zuwa neman aure ko neman aiki shi kaɗai. Na san wannan sarai. Amma a lokacin abin da ya cika mini kai shi ne, idan na ce sananne ne aka bincika ba a ga komai ba fa? Kaset ɗin babu suna. Ni ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ban taɓa ganinsa a dandali ba. Sai na ji bakina yana cewa akwai waɗanda suka san shi, kuma suna girmama shi ƙwarai, amma ba zan iya cewa ga yawansu ba, kuma a iya sanina babu wata shaida a rubuce, ko da yake mai yiwuwa ne a samu.

Manajan ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya ce za a kira.

Da muka kai tsakiyar ruwa a cikin abra, Yaya ya juyo gare ni. Ya tambaye ni me na faɗa a ƙarshe, da ya ga maganar ta yi tsawo. Na maimaita masa da Hausa, ban ɓoye komai ba.

Ya ce, "Bakano, kai a Kanon aka haife ka kuwa? Mutanenku suna sayar da bargo a cikin bazara."

Na ce, "Yaya, ban so in yi ƙarya ba ne."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ba ka ji da kunnenka ba?"

Na ce na ji.

"To shi za ka faɗa. Ni in ce na iya? Da bakina? In da fassara kawai nake so, ai ga ɗan Gana nan a wurin."

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kuma a nan ne na fi jin haushin kaina. Na yanke shawarar rubuta wa manajan takarda mai hujja. Na bi 'yan kasuwar Nijar ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar a ina suka ji shi, a wace shekara. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a, kafin nan ne. Maimakon in rubuta abin da suka haɗu a kai, cewa ba su taɓa jin kamarsa ba, sai na tsaya daidaita shekaru. Na jira Hajiyar Maraɗi ta dawo sari don in tabbatar da zancen bikin. Na rubuta, na yaga, na sake. Ɗan Gana ya yi ta aiko mini cewa in hanzarta, mai gangar yana ta tambayar ina bahagon nan. Na ce saura kaɗan.

Mako uku na ɗauka. Ranar da na kai takardar, hoton mai fayil yana manne a allon ƙofar otal ɗin tare da sauran 'yan ƙungiyar. Na dai miƙa ta a wurin karɓar baƙi, ban san ko an karanta ba.

Washegari a wurin aiki Yaya ya ce in karanta masa kwafin da na ajiye. Na tsaya a gefen sikeli ina mayar masa da ita Hausa, shi yana ɗaure wata dilar atamfa. Shafi biyu ne. Da na gama ya ce takardar ta yi kyau, sai dai shi ya ji "wataƙila" har ya daina ƙirgawa. Ya ce da shi ne manajan, shi ma ba zai ɗauki wannan mutumin ba.

Bai sake neman wani wuri ba, ko kuma ya nema bai gaya mini ba. Bai daina yi mini wasa ba, bai kuma sake cewa in raka shi ko'ina ba. Ya ci gaba da ɗaurin kaya har 2014, lokacin da bizarsa ta ƙare ya ce ba zai sabunta ba. Kafin nan yatsunsa biyu na dama, waɗanda yake danna tsirkiya da su, sun daina lanƙwasuwa sosai. Jitar ya bar wa ɗan Gana, wanda bai iya kaɗawa ba.