Likkafanin Kakata a Taragon Kaya

Shekarun baya ne sosai, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina ɗan sakandare a Jos, ba abin da na iya kamar surutu da tsokanar mutane. Gidanmu yana Dutse Uku. Wata safiya da damina, wani mai fataucin goro da ya dawo daga Ibadan ya biya ta shagon ɗinkin mahaifina da saƙo: jikin kakata ya yi tsanani, ta ce 'yarta ta zo, ta kuma taho mata da ajiyarta.

Kakar nan ita ta haifi mahaifiyata. Da a gidanmu take, sai kawuna ya ɗauke ta zuwa Ibadan saboda sanyin Jos yana tayar mata da ciwon ƙafa. Ajiyar kuwa likkafaninta ne, farin yadi da ta saya a Makka, ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta shanya. Da gangan ta bar shi a wurinmu. Ta ce wa mahaifiyata, "Ke za ki kawo mini shi da hannunki, don in tabbata za ki zo." Ni kuwa, da yake ragon mijinta take kirana, kullum sai in ce mata da yadin nan zan ɗinka kaftanin Sallah. Takan bi ni da muciya har zaure.

Mahaifina ya ce ba maganar mota. Tun da ƙanensa ya rasu a hatsari a hanyar kudu, ya hana iyalinsa wannan hanya. Ya ce, "Jirgin ƙasa ko ya makara, da ranku za ku isa." Aiki ya yi masa yawa a shago, sai aka ce ni zan raka mahaifiyata.

Da muka je tasha kusa da kasuwar Terminus, mahaifiyata ta leƙa taragon da za mu zauna. Ga kaji, ga garwar manja tana yoyo, ga yara suna fitsari inda suka ga dama, kowa ya ɗora ƙafa a kan kayansa. Ta dubi akwatin ƙarfenmu, inda yadin yake a naɗe.

"Abin da ya taɓa zamzam ba zai kwana a ƙarƙashin ƙafar mutane ba."

Na ce, "To ki fitar da shi ki riƙe mana, Inna."

"In rungumi likkafani zuwa wurin mai rai? Kamar na gama da ita? Kai dai ba ka da hankali."

Sai aka kai akwatin taragon kaya. Wani ma'aikaci ya rubuta Ibadan da alli a jikinsa, aka ja ƙofa, aka ɗaure da waya, aka matse da dalma.

Jirgin da aka ce na safe ne bai motsa ba sai bayan la'asar. A Kafanchan muka zauna jiran wani jirgin daga gabas, wai sai ya iso za a haɗa mu. Daga nan kuma kowace ƙaramar tasha sai mun tsaya, domin layin dogon ɗaya ne tal kamar hanyar gona. In wani na tahowa, dole ku raɓe ku jira shi, ko da shi ma yana can ya raɓe yana jiran wani. Kan jirgin namu kuma tsoho ne, in ya ga tudu sai ya yi ta tari. An ce babu kayan gyara, sai dai a ciro ƙarfe daga wanda ya mutu a sa wa mai sauran numfashi.

Ni dai abin ya yi mini daɗi. Na zama mai ba taragonmu dariya. Akwai wata mai tsohon ciki kusa da mu, na ce mata ta fara tunanin makarantar da za ta sa yaron, don kafin Ibadan zai isa shiga aji. Na rantse wa mutane na ga kunkuru ya wuce mu har ya waiwayo ya yi mana sannu. Ko mahaifiyata, da carbinta a hannu, sai da ta yi murmushi.

Bayan mun wuce Minna muka tsaya a wata 'yar tasha a daji, kuma wannan tsayuwar dabam ce. Ruwan sama ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a gaba, jirgin kaya ya bi ta kai ya kife. Injin da zai ɗaga shi daga nesa zai zo, kuma ta layin nan guda da jirage suka riga suka toshe.

Muka kwana, muka sake kwana. Mata suka kafa murhu a gefen dogo, aka shanya wanki a tagogi, matan ƙauye suka kawo doya da rogo. Na ce saura kaɗan mu naɗa mai unguwa. Wannan karon mutum biyu ne kawai suka yi dariya.

Mutane suka fara ɗaukar kayansu suna bin wata hanyar ƙafa zuwa titin mota. Wani dattijo mai sayar da fata, da ya ji labarinmu, ya ce wa mahaifiyata, "Baiwar Allah, ku biyo mu. Mara lafiya ba ya jiran jirgi. Maigidanki ma in ya ji ba zai ga laifinki ba."

Ta tashi, muka je wurin gadin jirgi mai kula da taragon kaya, wani mutum mai jar hula da Hausarsa ba ta nuna sosai ba.

"Ranka ya daɗe, akwatina nake so."

"Mama, ba zai yiwu ba. Daga Jos an kulle, sai Ibadan. In na taɓa wannan dalma, aikina ya tafi."

"Likkafanin uwata ne a ciki."

Ya cire hularsa. "Sannu, Mama. Ni ma ina da yara. Amma sun ce yanzu-yanzu za a buɗe hanya."

Na ce, "Oga, ka juya baya kawai, ni ɗan siriri ne, ko ta ramin ɓera zan shiga." Ko kallona bai yi ba.

Da muka koma na ce, "Inna, mu bar akwatin mu tafi."

"In je in ce mata me? Abu ɗaya ta aike ni."

Duk da haka ta ɗaura gyalenta har sau biyu za mu bi hanyar. Duk sanda muka miƙe sai direba ya tayar da inji, usur ya yi kuka, mutane su rugo, mu ma mu koma mu zauna. Ashe ɗumama shi kawai yake yi. Dattijon ya tafi. Ni kuma bakina ya mutu.

Da aka buɗe hanya, muka ja jiki har Ibadan. Kawuna yana tsaye a tasha, ashe kullum sai ya zo. Tun daga nesa na ga bai ɗaga hannu ba.

"Yaya, sai haƙuri. Jiya bayan azahar aka kai ta. Mun jira iyakar abin da za a iya jira."

Mahaifiyata ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "Ta tambaye ni?"

"Duk wanda ya shigo sai ta ce ko jirgin Jos ya iso."

"Da me kuka rufe ta?"

"Yadi muka yanko a kasuwa."

Ta gyaɗa kai, ta juya, ta je ta shiga layin masu karɓar kaya. Kawu ya ce ta bari ya dawo ya karɓa gobe, ta ce a'a. Wanda ke da ikon yanke dalmar ya tafi cin abinci, haka muka tsaya a rana muna jiransa.

Har yau in na ji tsarana suna cewa jirgin ƙasa na wancan zamani ya fi daɗi, nakan ba su labarin kunkuru, su yi dariya, in tsaya nan. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba. Mahaifina tsoron hanya yake yi, gadi tsoron aikinsa, mahaifiyata girmama yadin ta yi. Kowa da hujjarsa, kuma tsohuwa ta tafi tana sauraren ƙofa. Da mun bi dattijon nan, da mun same ta da rai. Ni na lissafa haka, na san mahaifiyata ma ta lissafa, amma har ta bar duniya ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Da za mu dawo, mota muka shiga, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta bar wa kawu akwatin. Yadin kuwa a cinyarta ya zauna, hannunta biyu a kai, tun daga Ibadan har Jos.