Munduwar Yaya Tanimu

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka binne yayana Tanimu, maƙerin azurfa na Gozaki. Ni ƙanensa har yau ina zaune a maƙerarsa, kuma kewarsa ba ta sake ni ba.

Yaya ba ya tausayin azurfa. Liyari, babban kuɗin azurfar nan na dā, in ya shigo hannunsa, kafin la'asar ya zama munduwa ko zobe. Abu ɗaya ne ya gagare shi narkarwa: wani ɗan kuɗin azurfa siriri, bai fi farcen babban yatsa ba, da wani Balaraben Gadamas ya ba shi a Kano. Balaraben ya ce daga Italiya ya fito, can ƙetaren Bahar Rum, inda a dā kowane gari da mai garinsa, kowanne kuma sai ya buga sunansa a jikin kuɗinsa. Wanda ya buga wannan ya mutu tun kakannin kakanni, sarautar gidansu ma ta watse.

Yaya yakan jujjuya shi ya ce, "Ka ga mai wayo. Ya mutu, ga shi a Gozaki. Mu kuwa mu ƙera, mu miƙa, ba suna."

Nakan yi masa tsiya in ce, "To sunan da ba mai iya karantawa, me ya tsinana masa?"

Sai ya yi dariya ya ce shi murɗinsa ne sunansa. Gaskiyarsa. Igiya uku yake murɗa munduwa, ya karkata ta hagu, ba wanda ya iya irinta, har ni da na tashi a gabansa.

Da zai dawo yau, ban san da bakin da zan yi masa bayani ba. Mata sun koma son munduwa mai faɗi marar murɗi. A dā in na ratsa kasuwar Ƙarfi, sai na ga aikinsa a hannu biyar ko shida. Bana ban ga ko ɗaya ba.

Ran Talata wata mata daga Mahuta ta ajiye mini munduwar uwarta, in narkar in yi mata mai faɗi. Tun kafin in ɗauka na gane ta, murɗin Yaya ne. Na ce, "'Yata, ki bar wannan yadda take, don Allah."

Ta ce, "Haba Baba, tsohon yayi ne fa. In ba za ka iya ba in kai Malumfashi."

Na daɗe ina riƙe da ita. Na ga in dai narkewa za ta yi, gara a wutar maƙerar da aka ƙera ta. Na sa ta a kasko, na ja zugazugi da hannuna, ina kuka.