Tagar Shagon Afiniki

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na robobi da nata, shekara goma sha ɗaya ke nan, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Sunanta Afiniki, amma Maman Ƙauna muke ce mata. Sana'arta sa wa kaya rigar karammiski. Ka kawo mata akwatin zobe na roba, ko kwalin kyauta, ko gicciyen da ake ratayawa a mota, ta mayar maka da shi da laushi kamar bayan mage.

Mijinta Azariya ne ya koyo aikin a Legas. A shafa gam, a maƙala wayar lantarki, a kunna 'yar na'ura, sai garin zare ya yi tsalle ya tsaya cak a kan gam ɗin. Abu ɗaya aikin ba ya so, iska. Da ta shigo sai garin ya kwanta, kaya su fito da sanƙo. Shi ya sa Azariya ya buga wa tagar ƙusa huɗu, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. A haka suka yi shekaru su biyu suna shaƙa.

Tari ya kashe shi bara waccan. Likita ya ce garin ne ya cika masa huhu. Ranar da aka binne shi a Kagoro matan zumuntar coci suna ta waƙa, ita ko ɗigon hawaye babu. Bayan kwana tara ta buɗe shago, ta ja ƙofa, na ji na'ura ta tashi.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Maman Ƙauna, don girman Allah ki cire ƙusoshin nan. So kike ki bi shi?"

Ta ce, "A'i, iska zai ɓata aiki."

Na saya mata takunkumin fuska, ta ce yana sa tabarau ya yi hazo. Yana nan rataye a bango har yau. Ba ta faɗa, ba ta dariya, abincin ma sai na tsaya a kanta. Wallahi da zagina take yi da na fi jin daɗi.

A watan jiya wata makaranta ta ba ta aikin akwatunan lambar yabo ɗari uku, dukansu shuɗi. Ranar Laraba na jiyo tarinta ta cikin bango, irin na Azariya sak. Raina ya ɓaci. Na ɗauki guduma na zagaya, na tumɓuke ƙusoshin, na wangale taga. Iska ta shiga ta yi yadda ta ga dama, akwati arba'in suka yi sanƙo a gabana.

Na tsaya ina jiran masifa. Ina! Ta zauna ta kankare su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙo hannu na ba ta gudumar, ta mayar da ƙusoshin a ramukansu.

Ranar Juma'a da rana na kai mata kunun gyaɗa. Tana cikin sha tarin ya taso. Ta tare bakinta da hankici, da ta ɗaga muka duba tare. Ja ne.

Ta ce, "Gari ne. Ja yana son shiga hanci."

Na dubi girarta, shuɗi. Na dubi ƙasa da tebur da bakin kofin, duk shuɗi. Rabonta da yin ja tun Kirsimeti, ni na kawo mata robobin.

Ta naɗe hankicin ta cusa a zani, ta ɗauki burushin gam.

"Saura sittin," in ji ta. "In za ki fita ki ja ƙofan da kyau."

Na ja mata da kyau.