Matsi daga tsallaken iyaka

Babana yana da amini a tsallaken iyaka, wani tsohon direban babbar mota da muke kira Kawu. In suka gaisa, Kawu ba ya sakin hannu. Matse shi yake yi har Baba ya ce, "Kai, sake ni, ba sitiyari ba ne." Su yi dariya, kowa ya kai hannunsa ƙirji.

Shekarar da aka rufe iyakar Jibiya ne ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke. Kawu ba ya iya biyo hanyar daji, gwiwoyinsa sun gama aiki. Yakan kira a waya, Baba ya saurara, ya juya fuska bango. Abinci ma ya fara turewa. Na tsorata ƙwarai, don ina ganinsa yana sallama kansa.

Lokacin ina karatun lantarki a Katsina, kaina cike da ƙarambani. Na farke na'urar awon hawan jini, na ciri ɗan famfonta da jakar iskar, tela ya ɗinka mini su cikin safar hannu. Na haɗa da layin waya. In Kawu ya danna maɓalli a can, safar ta kumbura a hannun Baba mai lafiya. Na saita ta da laushi, don haka na karanta ana yi wa marasa lafiya.

Baba ya dubi safar, ya dube ni, ya rufe ido.

Na aika wa Kawu irinta ta hannun wani mai kai tumatir, ya gwada. Sai ga kiransa. "Ɗiyata, mi ne na wanga? Gaisuwar surukai ce? Ni ban taɓa yi mai hakanga ba. Ƙara mata ƙarhi."

Na yi ta ƙarawa ina jin tsoro, yana cewa saura. Da ya gamsu, na gwada ta Baba a hannuna, ni kaina yatsuna sun yi zafi.

Bayan la'asar na sanya wa Baba a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, na ce wa Kawu ya danna. Safar ta damƙe shi. Baba ya yamutsa fuska, ya yarfa hannu kamar mai cewa sake ni. Da iskar ta sauka, sai ya ɗaga hannun a hankali, ya kai shi ƙirjinsa.

Kawu yana kan layi yana tambaya, "Ya amsa?"

Na ce, "Ya amsa, Kawu."